Yadda Ake Ƙara Ɓarnar Bugun Kirit a Wasannin RPG, Mataki-Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi yawan maimaitawa game da wasannin RPG, wato wasannin bidiyo da ake gina jarumi ana ƙara masa ƙarfi, ita ce ta bugun kirit, wato mugun bugun nan da kan faɗo jefi-jefi ya yi wa abokin gaba ɓarnar da ta wuce ta kullum, lambarsa ta fito da girma ko da wani launi na daban a kan allo. Akasarin masu tambayar sun ga hoton wani ɗan wasa da ya fitar da lamba mai ban tsoro a bugu ɗaya, sai suka juye duk abin da suka tara a kan ɓarnar kirit, daga baya suka tarar babban dodon da ya tare musu hanya bai fi saurin faɗuwa ba, wani lokaci ma ya ƙara daɗewa. Abin da ke kashe dodo shi ne jimillar ɓarnar da aka yi masa daga farkon faɗa zuwa ƙarshe, kuma wannan jimilla tana fitowa ne daga abu biyu da ake ninkawa da juna: yawan faɗowar kirit da kuma nauyinsa idan ya faɗo. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Mataki na 1: Gano dokar kirit ta wasan da kake bugawa

Kafin ka taɓa ko makami ɗaya, ka tabbatar ka san yadda wasanka yake yanke hukuncin kirit, domin ba duka ne suka taru suka zama ɗaya ba. A wasanni irin su Genshin Impact, Honkai: Star Rail da Diablo IV, kirit sa'a ce da ake auna ta da kashi cikin 100, kuma dukkan ukun suna fara jarumi da damar kirit kashi 5 da ƙarin ɓarna kashi 50. A Baldur's Gate 3 kuwa, wanda ya ɗauko dokokinsa daga Dungeons & Dragons, ana jefa ƙwayar lido ce mai fuska 20, idan 20 ta fito an yi kirit. Pokémon yana da matakala: a sababbin fitowarsa damar tana farawa daga 1 cikin 24, ta hau zuwa 1 cikin 8, sannan rabi, sannan tabbas, kuma ƙarfin bugun ninki ɗaya da rabi ne. Shi kuwa Elden Ring babu ruwansa da sa'a ko kaɗan, hannunka ne ke samar da kirit, ta hanyar sukar abokin gaba ta baya ko kuma bayan ka kaɗe harinsa ko ka karya tsayuwarsa.

Gargaɗi: shawarar da ta yi aiki a wani wasa tana iya zama asara tsantsa a wani. Ko a cikin wasa ɗaya ma, kamfanoni suna sauya lissafi idan sun sabunta shi, don haka duk bayanin da ka karanta ka duba ko an rubuta shi ne kafin sabuntawar ƙarshe ko bayanta.

Mataki na 2: Rubuta alƙalumanka na yanzu

Kayan aikin ba su da yawa: shafin alƙaluman jarumi da ke cikin wasan, takarda da biro ko manhajar rubutu, da na'urar lissafi ta waya. Ka rubuta ƙarfin hari, damar kirit, ɓarnar kirit, da lambar da bugunka na kullum yake fitarwa a kan wani abokin gaba guda da za ka riƙa komawa kansa don gwaji.

Gargaɗi: ka lura da yadda aka rubuta ɓarnar kirit. Genshin Impact yana nuna ƙarin ne kaɗai, wato kashi 50 na nufin bugun 1,000 zai zama 1,500. Path of Exile kuwa yana nuna jimillar ce, sai ka ga kashi 150, alhali ma'anar ɗaya ce. Idan wasanka jimilla yake nunawa, ka cire 100 kafin ka shiga lissafin da ke tafe, in ba haka ba duk sakamakon zai fito a karkace.

Mataki na 3: Yi lissafin matsakaicin bugu

Nan ne zuciyar aikin, kuma wanda ya tsallake shi zai ci gaba da lalube ne kawai. Ƙa'idar ita ce: a ninka damar kirit da ƙarin ɓarnar kirit, a ɗora 1 a kan abin da ya fito, sannan a ninka da bugun kullum.

Mu ɗauki jarumai uku da kowannensu bugunsa na kullum 1,000 ne, kuma an kashe musu kayan yaƙi masu daraja ɗaya. Na farko yana da dama kashi 30 da ɓarna kashi 180. Idan kirit ya faɗo masa zai nuna 2,800, lamba mai daɗin kallo, amma a cikin bugu goma sau uku kawai za a sa ran gani, don haka matsakaicinsa 1,540 ne. Na biyu yana da dama kashi 80 da ɓarna kashi 80, kusan kullum yana kirit amma bugun 1,800 ne kacal, matsakaicinsa kuwa 1,640. Na uku yana da dama kashi 60 da ɓarna kashi 120, kirit ɗinsa 2,200 ne, wato ƙasa da na farko sosai, amma matsakaicinsa 1,720, kuma shi ne zai riga sauran biyun kashe dodo. Wanda ya zaɓi na farko saboda girman lambarsa, kallon kitse ya yi wa rogo.

Daga nan ne shahararriyar ƙa'idar nan ta ɗaya bisa biyu ta samo asali, wadda 'yan Genshin Impact da Star Rail ke yawan ambato, cewa kowane kashi 1 na dama ya samu kashi 2 na ɓarna. Dalilinta shi ne farashin da wasan ya sanya wa kowanne. A Genshin Impact, kambin kai mai tauraro biyar da aka kai ƙarshen matakinsa yana ba da ko dai dama kashi 31.1 ko ɓarna kashi 62.2, ƙananan alƙaluman da ke jikin kaya kuma mafi girman ƙarinsu sau ɗaya shi ne 3.9 ga dama da 7.8 ga ɓarna. Tunda ana samun ɓarna ninki biyu a gurbi ɗaya, daidaiton da ya fi riba shi ne ɗaya bisa biyu. A wasan da farashin ya bambanta, rabon ma zai bambanta, saboda haka kada a ɗauke ta kamar dokar da ta hau kan kowane wasa.

Hanyar da ba ta kuskure a ko'ina ita ce gwada zaɓi biyun a na'urar lissafi. A ce kana da dama kashi 50 da ɓarna kashi 150, abin da ke ba da 0.75. Ƙara 3.9 a kan dama zai kai ka kusan 0.81, ƙara 7.8 a kan ɓarna kuwa zai tsaya kusan 0.79. Ke nan a wannan hali dama ce ke da ƙishirwa, ita za a fara shayarwa.

Mataki na 4: Gina tushen bugu kafin ka ƙara komai

Kirit ninkawa yake yi, ba ya ƙirƙirar ɓarna daga babu. Jarumin da makaminsa bai kai matakin ƙarshe ba, ko ba a ɗaga fasahohinsa ba, ko da an tara masa kirit mai yawa abin da za a ninka ɗin ƙarami ne. Misali zai nuna girman bambancin: wanda ke da dama kashi 70 da ɓarna kashi 140, idan ya sha wahala ya ƙara ɓarna da kashi 20, ribar da zai samu a matsakaicin bugu kusan kashi 7 ce kawai, alhali ɗaga bugun kullum daga 1,000 zuwa 1,200 riba ce ta kashi 20 cif, kuma sau da yawa ya fi sauƙin samu. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da matakin makami, a bi da matakin jarumi da fasahohin da yake yawan amfani da su, sannan manyan alƙaluman kayan jiki, a bar ƙananan alƙaluma su zo a ƙarshe.

A wannan mataki ne kuma ake duba abin da ke rage garkuwar abokin gaba. Saitin kayan jiki na Viridescent Venerer mai guda huɗu a Genshin Impact yana rage juriyar abokin gaba ga sinadarin da iska ta kwasa da kashi 40, kuma wannan ragi yana amfanar kowane bugu, na kirit da wanda ba na kirit ba. Haka nan bugun da bai samu jiki ba ba shi da kirit, shi ya sa a Path of Exile daidaiton hari yake da muhimmanci sau biyu, domin bayan an duba ko harin ya samu, ana sake dubawa kafin a tabbatar da kirit ɗin.

Gargaɗi: akwai ɓarnar da ba ta kirit sam. A Genshin Impact, haɗuwar sinadarai irin su Overloaded, Electro-Charged da Swirl a ƙa'ida ba sa yi, sun dogara ne da matakin jarumi da ƙwarewar sinadari. A Star Rail ma ɓarnar da ke cin abokin gaba sannu a hankali ba ta yi, don haka jaruma irin Kafka ba kirit take buƙata ba. Ka karanta bayanin fasahar jaruminka da kyau kafin ka ɓata makonni kana neman abin da ba zai amfane shi ba.

Mataki na 5: Cika damar kirit, amma ka ƙirga wadda ba ta bayyana ba

Duk abin da ya haura kashi 100 na dama a yawancin wasanni asara ne, kuma mutane da yawa suna haurawa ba tare da sun sani ba, saboda shafin alƙaluma ba ya nuna ƙarin da ke zuwa a tsakiyar faɗa. A Genshin Impact, saitin Blizzard Strayer mai guda huɗu yana ƙara dama kashi 20 a kan abokin gaban da sanyi ya taɓa, da wani kashi 20 idan ya daskare, sannan sanya jaruman ƙanƙara biyu a tawaga yana kawo wani kashi 15. Jimilla kashi 55 ke nan da ba za ka gani a shafi ba. Jaruma irin Ayaka da ke sanye da wannan saiti, dama kashi 45 a rubuce ta ishe ta, sauran guraben duka sai a ba ɓarna.

Gargaɗi: ƙarin da ke da sharaɗi yana tafiya ne da sharaɗinsa. Manyan dodanni a wannan wasa ba sa daskarewa, saboda haka kashi 20 ɗin nan na biyu yana ɓacewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Haka abin yake a Monster Hunter Rise, inda fasahar Weakness Exploit a mataki na uku take ba da dama kashi 50, amma sai an bugi wuri mai rauni a jikin dabbar. Wanda hannunsa bai saba kai wa kai ko wutsiya ba, kada ya lissafa wannan kashi kamar nasa ne.

Mataki na 6: Ɗora nauyin bugun

Sai dama ta yi ƙarfi sannan ƙarin ɓarna yake biyan kuɗin sabulu. Monster Hunter ya nuna wannan a fili: kirit na kullum ninki 1.25 ne, fasahar Critical Boost kuma tana kai shi 1.40 idan an cika ta. Ga mai dama kashi 100 wannan riba ce ta kashi 12, amma ga mai dama kashi 30 ba ta wuce kusan kashi 4 ba, alhali guraben da ta cinye iri ɗaya ne.

Abu na biyu da za a bambance shi ne ƙarin da ake tarawa da ƙarin da ake ninkawa. A Diablo IV, bayan sauyin da aka yi a kaka ta biyu ta wasan a 2023, kashi 50 na asali ne kaɗai ya riƙa ninka ɓarna, sauran ɓarnar kirit da ke jikin kaya kuwa aka riƙa zuba ta a tukunya ɗaya da sauran ƙare-ƙaren da ake tarawa. Ma'anar wannan ita ce idan tukunyar ta riga ta cika da ɗaruruwan kashi, sabon kashi 40 ba zai motsa komai sosai ba, amma ƙaramin ƙari mai alamar ninkawa a gefensa zai fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

A Baldur's Gate 3 lissafin ya sha bamban, kuma a nan ne sababbin 'yan wasa suka fi ruɗewa. Kirit yana ninka ƙwayoyin lidon da ake jefawa ne kawai, ba ya taɓa tsayayyen adadin da ake ɗorawa a kai. Babban takobi yana jefa ƙwaya biyu masu fuska 6, idan aka ɗora 5 na ƙarfin jiki matsakaicinsa 12 ne, kirit kuma zai mayar da ƙwayoyin huɗu ya ba da 19, ba 24 ba. Ƙarin 10 da Great Weapon Master ke bayarwa yana da kyau ƙwarai, amma kirit ba ya ninka shi. Abin da ake nema shi ne duk wata fasaha mai ƙara ƙwayoyi: Sneak Attack na ɓarawo, da Divine Smite na Paladin wanda ƙwayoyinsa biyu masu fuska 8 ke komawa huɗu. Wasan ya ba da damar a saita Divine Smite ya riƙa tambaya bayan an ga sakamakon jifa, don haka mai hankali yakan adana manyan gurabensa na tsafi har sai kirit ya faɗo.

Mataki na 7: Nemi hanyar da ke tilasta kirit

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne riba idan wasan ya ba da ƙofarsa, domin yana cire sa'a daga lissafin gaba ɗaya. A Baldur's Gate 3, jifa da fifiko, wato jefa ƙwaya biyu a ɗauki babba, tana ɗaga dama daga kashi 5 zuwa 9.75, idan kuma jarumin Champion ne da ke kirit a 19 da 20 sai ta kai kashi 19. Wannan ci gaba ne, amma tsafin Hold Person ya fi shi: duk harin da aka kai daga cikin tazarar mita 3 a kan wanda aka sandarar kirit ne kai tsaye. Tsarin shi ne mai tsafi ya fara sandarar da abokin gaba, sannan mai manyan ƙwayoyi ya matso ya sauke duk abin da yake da shi. Sai dai tsafin a kan masu siffar mutane kaɗai yake kamawa, dodanni sai Hold Monster, kuma idan aka bugi mai tsafin hankalinsa ya watse, abin ya warware.

A Pokémon shawarata ita ce ko dai a hau matakalar har ƙarshe ko a bar ta baki ɗaya. Riƙe Scope Lens shi kaɗai yana kai dama 1 cikin 8, wanda matsakaicin amfaninsa a kan damar asali kusan kashi 4 ne, alhali Life Orb yana ba da kashi 30 a kowane hari. Amma idan aka haɗa Scope Lens da Focus Energy mai hawa mataki biyu, an kai mataki na uku, kowane hari ya zama kirit, kuma ga mai baiwar Sniper irin Kingdra ninkin yana komawa 2.25. Ƙari a kan haka, kirit ba ya kula da garkuwar da abokin karawa ya ɗaga wa kansa. Kuɗin da ake biya shi ne zagaye ɗaya da ake ɓatawa wajen shiri, kuma masu baiwar Battle Armor ko Shell Armor a ƙa'ida ba a yi musu kirit.

A Elden Ring kuwa, kowane makami yana da adadin kirit a shafinsa. Akasarinsu 100 ne, wuƙar Misericorde da ake samu a fadar Stormveil tana da 140, layar Dagger Talisman kuma tana ƙara kusan kashi 17. Dabarar da ƙwararru ke yi ita ce su karya tsayuwar dodo da makami mai nauyi, ta hanyar bugun tsalle ko bugun da aka ɗana, sannan su sauya zuwa wuƙar kafin su soka. Gargaɗi a nan shi ne wuƙar da ba a kai wa maƙeri an ɗaga ta ba ba za ta kai babban makaminka ɓarna ba duk da adadinta, kuma lokacin da dodo yake durƙushe gajere ne, wanda bai saba sauya makami da sauri ba zai rasa sukar ma ɗungurungum.

Mataki na 8: Lissafa abin da zai ci

Sauya ginin jarumi a wasu wasanni ba shi da tsada. A Baldur's Gate 3 zinariya 100 ake ba Withers, wanda ke zaune a sansani, a sake komai daga farko, a Elden Ring kuma wani abu mai suna Larval Tear guda ake kai wa sarauniya Rennala, sai dai adadinsu a kowane zagayen wasa ƙayyadadde ne. Inda tsadar take shi ne wasannin da kaya ke faɗowa bisa sa'a. A Genshin Impact kowace shiga neman kayan jiki tana cin Resin 20, wato makin kuzarin da ake biya kafin a karɓi lada, shi kuma Resin ɗaya minti 8 yake ɗauka kafin ya dawo, wato shiga ɗaya ta fi awa biyu da rabi na jira, sannan kai kaya ɗaya mai tauraro biyar matakin 20 yana laƙume Mora, wato kuɗin cikin wasan, kusan 270,000.

Saboda haka kada ka kai kowane kaya ƙarshe don kawai ka ga kirit a jikinsa. Ƙananan alƙaluma suna ƙaruwa ne a kowane mataki huɗu, don haka ka kai shi 4, ka duba, ka kai shi 8, ka sake dubawa. Idan sau biyu a jere ƙarin ya tafi wurin da ba ka so, ka tsaya, ka ciyar da shi ga wani kayan. Ma'aunin da 'yan wasa ke amfani da shi wajen kwatanta kaya biyu shi ne a ninka dama sau biyu a haɗa da ɓarna, wanda jimillarsa ta fi shi ya fi.

Gargaɗi: makaman da ake samu ta hanyar jan sa'a da kuɗi na gaske sukan zo da kirit mai yawa, amma a Genshin Impact kowane ja Primogem 160 ne, wato duwatsun da ake biyan ja da su, kuma tabbacin samun makami mai tauraro biyar yana iya kai wa ja 80, ba lallai ne ma ya zama wanda kake nema ba. Gyaran matakai na 4 da na 5 kyauta ne, kuma ga yawancin mutane ribarsa ta fi ta sabon makami.

Mataki na 9: Gwada, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Koma kan abokin gaban da ka rubuta a mataki na biyu, ko gunkin atisaye idan wasan yana da shi, kamar wanda ke Kyovashad a Diablo IV ko filin horo na Monster Hunter. Ka sauya abu ɗaya kawai, ka yi cikakken jerin hare-harenka kamar yadda kake yi a faɗan gaske, ka auna tsawon lokacin da ya ɗauka, ka maimaita sau da yawa. Bugu uku ko huɗu ba sa nuna komai, domin mai dama kashi 50 yana iya rasa kirit sau uku a jere a ɗaya cikin kowane gwaji takwas. Wannan ne ma ya sa jarumin da ɓarnarsa ta taru a babban bugu guda, wanda sai an daɗe ake sake samunsa, ya kamata a ba shi dama fiye da abin da lissafi ya nuna, ko da matsakaicin zai ɗan ragu, alhali mai ƙananan bugu barkatai yana iya zama daidai a kan lissafin.

Idan kuwa burinka shi ne fitar da babbar lamba guda don ɗaukar hoto, to sai ka juya mataki na uku: ka cire dama, ka juye komai a kan ɓarna, ka kunna duk wani ƙari na tawaga da na magunguna, ka rage garkuwar abokin gaba, ka yi ta maimaita bugun har kirit ya faɗo. Ka adana wannan shiri a gurbi na daban, ka mayar da kayanka na asali kafin ka shiga faɗan da ake ƙirga lokaci.